'Yata Ta Duƙufa Kan Labaran Aljanu da Soyayya, In Ƙwace Wayar?

Tambaya daga wata uwa a cikin birnin Katsina: "Malama, 'yata tana da shekara 16, tana aji biyu na babbar sakandare. In ta dawo Islamiyya ba ta da aiki sai karatun labarai a waya, wasu na Hausa wasu na Turanci, wasu na soyayya, wasu na aljanu da matsafa da masarautun da babu su a duniya. Da na yi mata faɗa sai ta ce ta san duk ƙirƙira ce, babu abin da za su yi mata, kuma wai ta fi son na Turanci domin a can 'yan mata ke yin abin a-zo-a-gani, a na Hausa kuwa daga kuka sai girki. Mahaifinta ya ce a ƙwace wayar, ni kuma ina tsoron tsafin da ke ciki ya taɓa mata imani. Mece ce shawararki?"

Hajiya, shawarata ita ce kada a ƙwace wayar a yanzu, kuma kada a bar al'amarin yadda yake. Na daɗe ina koyar da adabin Hausa ga 'yan mata sa'o'in 'yarki, kuma abin da na lura da shi shi ne iyaye sun fi firgita da ɓangaren aljanu da tsafi, alhali ɓangaren soyayya, wanda ake yi wa kallon shirmen ƙuruciya, shi ya fi daɗewa a cikin tunanin yarinya. 'Yarki ta faɗi maganganu biyu. A ɗaya tana da gaskiya fiye da yadda kike zato, a ɗayar kuma ta yi kuskure fiye da yadda ita take zato. Zan zo kan kowacce, amma bari in fara da abin da ya fi tayar miki da hankali.

Labarin aljanu da abubuwan al'ajabi ba baƙonmu ba ne, kuma in ana maganar rubutaccensa, mu mutanen Katsina ba mu da bakin cewa daga waje aka kawo mana shi. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma biyu daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar malamai biyu ne masu koyarwa a nan Katsina suka rubuta su, wa da ƙane. Abubakar Imam yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin mutumin da ya bar gida neman wani ruwa mai warkarwa, ya yi ta ratsa ƙasashe har ya shiga ta aljanu. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya rubuta Ganɗoki, wanda ya faro daga yaƙin zuwan Turawa ya zarce har cikin duniyar aljanu. Imam da kansa ya bayyana cewa ya tsinci wasu dabarun labarinsa daga Muƙamatul Hariri, littafin da manyan ɗalibai ke karantawa a zaure gaban malaminsu. Da ya zo rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, sai ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da na Indiya da na Jamus, ya sa musu riga da hula irin tamu, ya ɗora su a bakin aku. Haka ma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, tushensa labarin wani jarumi ne na ƙasar Rasha. Waɗannan littattafai a aji aka karantar da su shekara da shekaru, kuma waɗanda suka karanta su ne suka zama alƙalai da limamai da malaman da suka koyar da mu.

Kafin boko ma akwai tatsuniya, kuma yaro ɗan shekara biyar da ke kwance gefen kakarsa ya san Gizo ba ya magana, ya san Dodo ba ya auren 'yan mata, amma wannan sani bai hana shi ɗaukar darasi ba, bai kuma rage masa komai daga imaninsa ba. Yarinya mai shekara 16 da ke zuwa Islamiyya ta fi wannan yaro iya rarrabewa nesa ba kusa ba. Idan ta karanta labarin makarantar matsafa irin ta Harry Potter, wanda ya fito kashi bakwai daga 1997 zuwa 2007, ba za ta tashi da safe ta nemi sandar tsafi ba, domin duniyar labarin a rufe take, babu ƙofar da ta haɗa ta da Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa. Abin da ke jan matasa zuwa irin waɗannan labarai a bayyane yake ga duk wanda ya zauna da su: kusan kullum jarumin yaro ne ko yarinya da ba a ɗauka da muhimmanci ba, sai ga shi an ɗora masa nauyin da ya gagari manya, ya zaɓi abokai, ya yi kuskure, ya biya kuɗin kuskurensa. Wanda ke tsakanin ƙuruciya da girma, ana ce masa yaro in ya yi magana, ana ce masa babba in ya yi laifi, dole ya ga kansa a cikin wannan.

Tsafin da ni nake jin tsoronsa a littafi yana wani wuri dabam, kuma iyaye ba su cika lura da shi ba domin ba ya zuwa da fukafukai. Shi ne bokan da ke cikin labaran zaman gida, wanda kishiya ke zuwa wurinsa ta mallake miji, ko uwar miji ta raba ɗanta da matarsa, kuma aikinsa ya ci har tsawon shafi ɗari kafin a ƙarshe a karya shi da addu'a cikin layi biyar. Wannan boka ba a wata masarautar ƙirƙira yake ba, irinsa yana nan a bayan gari, kuma yarinyar da ta karanta labari ashirin da ke nuna cewa duk sanyin da miji ya yi wa matarsa asiri ne, za ta shiga gidan aure tana zargin kowa, kuma ranar da ta shiga matsi za ta tuna hanyar da ta ga tana aiki. Idan akwai abin da za ki kai wa malamin Islamiyyarsu domin ya yi musu bayani, wannan ne a gaba, sannan littattafan waje da ke gina labarinsu a kan allolin Girkawa da makamantansu, waɗanda ya dace yarinya ta karanta su tana sane da cewa tatsuniyoyin wasu al'ummu ne da suka gabata.

Yanzu sai soyayya. Ita ma tun ranar farko tana cikin rubutunmu, domin Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan nan biyar, labarin saurayi ne da mai kuɗi ya raba shi da budurwarsa, da irin ɗaukar fansar da ta biyo baya. A gasar da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya, wadda littattafanta suka fito a 1980, Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina ne ya zo na ɗaya, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya zo na biyu, kuma dukkansu labaran so ne. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa, musamman mata, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a Kano, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya, ana karantawa a rediyo. Masana sun yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990: Ibrahim Malumfashi, ɗan jihar nan, ya yi musu laƙabi da adabin kasuwar Kano yana sukar ingancinsu, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suna cewa waɗannan littattafai ne suka sa dubban mata karatu da Hausa. A 2007 har tara littattafan aka yi aka ƙona a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Na kawo wannan tarihi ne domin mahaifinta ya ga cewa an riga an gwada hani da ƙarfin hukuma, wanda ya fi ƙarfin uba a gidansa, kuma karatun bai tsaya ba. Cikin 'yan shekaru ya koma waya, inda babu mai ganinsa.

Wannan ƙaura ita ce ainihin abin da ya bambanta zamanin 'yarki da namu, kuma ya kamata ki fahimci yadda kasuwar take tafiya. Littafin takarda, komai rauninsa, yana bi ta hannun mai buga shi da mai sayar da shi, sunan marubuciya da garinsu suna jikin bango, danginta da dangin mijinta za su gani, kuma uwa tana iya tsintarsa ƙarƙashin matashi ta buɗe. Labarin waya kuwa ana sakinsa ne shafi-shafi, kullum ko bayan kwana biyu, a zaurukan WhatsApp da Facebook da manhajoji irin su Wattpad, sau da yawa da sunan aro. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, in labari ya kai inda rai ya rataya sai ta ce mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira a sa shi a zauren masu biya. Wannan tsari shi ke tilasta kowane shafi ya ƙare a kan abin tashin hankali, shi ke sa labarin da ya isa a gama a shafi sittin ya kai ɗari uku, kuma shi ke sa marubuciya ta riƙa bin sharhin masu karatu tana ƙara musu abin da suka fi yi wa tafi. Akwai marubuta na ƙwarai a cikinsu, masu Hausa mai daɗi da sanin halin mutane, ba na so a yi musu kuɗin goro. Amma akwai waɗanda suka gano cewa batsa ta fi saurin kawo kuɗi, kuma rubuta "na matan aure ne kawai" a saman shafi ba ya hana 'yar sakandare shiga, sau da yawa ma shi ke kiranta.

A nan ne nake ganin 'yarki ta yi kuskure da ta ce ta san duk ƙirƙira ce, don haka babu abin da za su yi mata. Sanin cewa abu ƙirƙira ne yana kare mutum ne a inda yake da ma'aunin gwadawa. Ta san doki ba ya tashi sama domin ta ga doki a hawan Salla. Amma ba ta taɓa zama da miji ba, ba ta san yadda so na gaskiya ke kasancewa bayan shekara goma ba, kuma a gidajenmu ba a cika yi wa yarinya wannan magana ba sai ana gobe za a kai ta. Saboda haka abin da ta karanta shi ke cike wannan gurbi, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. To, me take karantawa? A cikin kaso mai yawa na labaran waya jarumin iri ɗaya ne: miskili mai dukiya, ɗan sarki ko soja ko likita, wanda ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, an haɗa shi aure da 'yar talakawa ba da sonsa ba. Zai wulaƙanta ta, ya kulle ta, ya mare ta, wani lokaci daren farko ya ƙare a asibiti, sannan a kusa da ƙarshe ya gane ashe sonta yake yi, ya yi kuka, ya saya mata mota, ya kai ta Umra, ita kuma ta yafe, masu karatu su yi ta murna. Darasin da ke ƙarƙashin wannan shi ne mugunta alamar ɓoyayyen so ce, kishi mai hana mace numfashi ƙauna ce, kuma in ta yi haƙuri isasshe azzalumi zai narke. Na ga 'yan mata masu kaifin basira suna ƙin saurayi mai sanyin hali suna cewa ba shi da aji, kuma na san inda suka koyi wannan ma'auni.

Kada ta ɗauka na Turancin sun tsira daga wannan. Twilight, wanda ya fito a 2005 ya kuma buɗe wa ire-irensa kasuwa, labarin yarinya ce mai shekara 17 da ta kamu da son wani mai shan jini da ya haura shekara ɗari, wanda yake shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba, kuma labarin ya gabatar da wannan a matsayin zurfin so. Abin da ke ba ni mamaki shi ne kakanninmu sun san wannan labari sarai. Akwai tatsuniyar yarinyar da ta ƙi duk samarin garinsu ta ce sai marar tabo, har wani kyakkyawan baƙo ya zo ta bi shi, sai da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗe ya koma abin da yake. Ƙashin bayan labarin guda ne, kyakkyawan baƙo mai haɗari da yarinyar da ta ruɗu da shi. Bambancin shi ne tatsuniya tana ƙarewa da yarinyar tana gudun ceton rai, littafin zamani kuma yana ƙarewa da ita ta zauna da dodon, an ce ta yi dace. Ki ba 'yarki wannan tatsuniya, ki tambaye ta wanne daga cikin ƙarshen biyu ya fi kama da abin da take gani a unguwa.

Akwai kuma maganar kyau da dukiya. A yawancin labaran waya jarumar fara ce sol, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, ana cewa kamar Balarabiya ko Ba'indiya, baƙar mace kuwa sai dai ta fito a 'yar aiki ko muguwar kishiya. Yarinyar da ta karanta wannan sau ɗari ba ta buƙatar kowa ya tallata mata man bilicin.

Game da na Turanci akwai wani abu da ya kamata ki sani. Kamfanonin ɗab'i a Amurka da Ingila suna da rukunin littattafan matasa, wanda ake nufin 'yan shekara 12 zuwa 18 da shi, kuma akwai iyakar da editoci ke kiyayewa a cikinsa. Amma a 'yan shekarun nan an samu wani salo da ya gauraya labarin masarautun al'ajabi da soyayya, bangonsa da sunayensa kamar na matasa, cikinsa kuwa na manya ne ƙarara. Jerin littattafan Sarah J. Maas da ya fara fitowa a 2015 misali ne sananne: an fara sayar da shi a sashen matasa, daga baya aka mayar da shi sashen manya saboda abin da ke ciki. A waya babu sashe, duk a jere suke zuwa, kuma abin da ke Wattpad kowa ne ke iya ɗora shi ba tare da edita ba. Don haka hoton takobi da kambun sarauta a bango ba shaida ba ce cewa littafi ya dace da ita. Ki karɓi sunan littafin da na marubucin, ki sa wani yayanta ko ƙanwarki mai jin Turanci ta bincika shekarun da aka ware masa, abu ne na minti biyar.

Sai maganarta ta biyu, cewa a na Hausa mace daga kuka sai girki. Wannan magana ta faranta mini rai, domin ba maganar mai haɗiye duk abin da aka ba ta ba ce. Yarinyar da ta lura da wannan ta fara zama mai nazari, tana kwatanta littafi da littafi tana yanke hukunci, kuma wannan basira ita ce babbar kariyar da za ta samu, ta fi duk wani makulli da za a sa wa waya. Tana da gaskiya cewa a littafi irin The Hunger Games na 2008 yarinya mai shekara 16 ce ke ciyar da gidansu, ita ce ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta, kuma labarin yana tafiya ne da abin da ta yanke, ba da abin da aka yanke mata ba. Tana da gaskiya cewa a yawancin abin da ke yawo a zaurukan WhatsApp jarumar ba ta da wani aiki sai jiran zuciyar namiji ta juyo. Inda iliminta ya gaza shi ne ta ɗauka abin da ke cikin wayarta shi ne adabin Hausa gaba ɗaya. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Alhaki Kuykuyo Ne nata, na 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ne, ta tashi ta riƙe su da sana'ar abinci, kuma an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Bilkisu Ahmed Funtuwa, ita ma 'yar jihar nan, ta shahara da jarumai mata masu haɗa karatun boko da riƙon addini su tsaya da ƙafafunsu. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla, kuma labaran da ke fitowa daga cikinta suna taɓa gudun hijira da fyaɗe da talauci da rayuwar makaranta. Waɗannan ne ya kamata a ajiye mata a gabanta a ce ta karanta, sannan ta sake faɗin ra'ayinta.

A ɓangaren labaran al'ajabi kuwa, dole in yarda da ita cewa muna da giɓi. Muna da littattafan yaƙi masu farin jini, na jarumai da matsafa da aljanu, amma yawancinsu a wasu birane masu sunayen Larabawa suke faruwa, kuma daga wannan gumurzu sai wancan. Marubuta 'yan asalin kudancin ƙasar nan sun nuna abin da za a iya yi da kayan gida: Nnedi Okorafor ta gina labarin matasa a ƙasar Ibo a 2011, Tomi Adeyemi ta gina nata a kan al'adun Yarabawa a 2018, duniya ta karanta. Mu kuwa ga jerin sarauniyoyin da suka mulki Daura kafin zuwan Bayajida, ga rijiyar Kusugu da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ga kokawar Korau da Sanau da matar da ta tona asirin mijinta, ga takobin Gajere da har yau yake cikin kayan sarautar Katsina, ga kaburburan Durɓi ta Kusheyi, duk suna zaune ba a taɓa su yadda ya kamata ba. Yana ci mini rai ƙwarai in ga yarinyar da aka haifa tafiyar awa ɗaya da Kusugu ta san sunayen gidajen sarautar da wata Ba'amurkiya ta ƙirƙira, ba ta san sunan sarauniya ko ɗaya kafin Daurama ba, kuma laifin namu ne da ba mu rubuta mata ba.

Abin da zan so ki yi na farko yana da nauyi, amma babu madadinsa: ki ce ta zaɓo miki labari ɗaya na Hausa da ta fi so, ki karanta shi har ƙarshe, ko ta karanta miki kuna aiki a kicin. Kada ki fara da hukunci. Ki tambaye ta ko za ta so ƙanwarta ta auri wannan jarumin, ki tambaye ta abin da jarumar ta yi da kanta a cikin labarin wanda ba wani ya yi mata ba, ki tambaye ta dalilin da ya sa marubuciyar ta tsaya a daidai wurin da ta tsaya kafin a biya kuɗi. Za ki ji amsoshin da za su ba ki mamaki, kuma za ta gane cewa ana iya son labari ana kuma ganin aibinsa. Wanda ta zaɓo miki ba shi ne mafi muni da ta karanta ba, wannan ki sa a ranki, amma ƙofar da hirar za ta buɗe ita ake nema, domin ranar da ta ci karo da abin da ya girgiza ta, ki zama ke ce za ta fara tunawa, ba ƙawa ba. Wannan hira kuma ita ce hanya mafi sauƙi da uwa Bahaushiya za ta yi wa 'yarta maganar aure da mutunci ba tare da kunya ta hana su duka biyu ba, tunda a kan mutanen cikin littafi ake magana.

Na biyu, a sa wa wayar lokaci. Likitocin barci suna ba da shawarar awa 8 zuwa 10 ga mai shekara 13 zuwa 18, kuma labarin da aka ƙera domin kowane shafi ya ja na gaba ba ya barin yarinya ta ajiye shi da kanta ƙarfe goma. Wayar ta kwana a ɗakinki, ta karɓa bayan ta dawo makaranta ta gama aikin gida da haddarta. Wannan doka ta shafi barci da karatu, don haka ki gabatar da ita a haka, kada ta zama horo a kan son littafi. Ki duba zaurukan da take ciki tare da ita, ba a bayan idonta ba, domin haɗarin zauren masu biya bai tsaya ga labarin ba: lambar wayarta a buɗe take ga duk wanda ke ciki, kuma ba kowa ne mai sunan mace a can mace ba. Duk zauren da aka rubuta na matan aure ne, ko ake tallar kayan mata a cikinsa, ta fita a gabanki, kuma ki gaya mata dalili.

Na uku, a cike gurbin da littafin takarda. Tsofaffin littattafan da na ambata ana samunsu wurin masu sayar da littattafai a kasuwa da ɗakunan karatu na manyan makarantunmu, kuma malamin Hausa na makarantarsu zai iya nemo mata. Tunda tana da ra'ayi mai ƙarfi a kan yadda ake zana mata a labari, ki saya mata littafin rubutu ki ce ta rubuta irin jarumar da take nema ta rasa, ta sa ta a Katsina ko Daura, ta ba ta aikin yi. Wanda ya gwada ƙera labari da hannunsa yakan fara ganin dabarun da ake ja masa rai da su, kuma daga nan ba a cika ruɗarsa da sauƙi ba.

Ga mahaifinta kuma, ki gaya masa cewa damuwarsa tana kan hanya, kuma ƙwacewar tana nan a ajiye ba a jefar da ita ba. Idan aka yi zango guda a kan wannan tsari aka ga sakamakonta ya faɗi, ko tana makara sallar asuba, ko aka same ta ta koma zaurukan da aka fitar da ita ta wata lambar, to a karɓi wayar har zuwa hutu, a gaya mata ranar da za a mayar mata, a kuma bar mata littattafanta na takarda a hannunta.